Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministar Al'adu, Barista Hannatu Musa Musawa: kasuwar fim ɗin Hausa ce ta mutu, ita muke roƙon a tayar mana

Assalamu alaikum ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya jama'a, Allah ya yi riƙo da hannunki. Na so a ce hannu da hannu zan miƙa miki wannan takarda amma ban san ta inda zan bi ba, shi ya sa na ce bari in rubuta ta a fili, in Allah ya sa wani na kusa da ke ya gani ya tura miki, falillahil hamdu. Ina kuma fata shugaban Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, Sarki Ali Nuhu, zai gani, don shi ɗan gida ne, duk abin da zan faɗa ya san shi ya ma fi ni sani.

Ni edita ne, wato mai haɗa hoto, aikina a ɗaki yake gaban kwamfuta a nan Zoo Road cikin Kano. Ba a ganin fuskata a fosta, a titi ma ba wanda zai tsayar da ni ya ce mu yi hoto. Da naɗe waya da ɗaukar fitila na fara a lokeshan shekara ashirin da wani abu da suka wuce, da wannan sana'a na yi aure, da ita nake ciyar da yara nake biyan kuɗin makaranta. Kuma irina mu ne muka fi yawa a Kannywood, mai kamara, mai fitila, mai ɗaukar sauti, mai kwalliya, mai kayan sawa, mai kwantiniti wato mai lura kada kaya ko wuri su canza daga fitowa zuwa fitowa, marubuci, direban bas, matar da ke dafa abincin lokeshan, in kin ga jarumi ɗaya a allo to akwai mutum ashirin ko talatin a bayansa da ba a gani. Da bakinsu nake magana.

Hajiya abin da nake so ki fara sani shi ne mu ba basira muka rasa ba, ba kuma masu kallo muka rasa ba. Ana kallonmu a Maraɗi da Damagaram da Agadas, ana kallonmu a zangon Kumasi da Nima, a Garwa da Marwa, a Sudan, a gidajen 'yan uwanmu da ke Makka da Jidda. Abin da ya mutu shi ne hanyar da kuɗin mai kallo ke bi ya dawo hannun wanda ya yi fim ɗin. Duk wani tallafi da bai taɓa wannan wuri ba to zuba ruwa ne a kwando.

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, ba gwamnati ce ta gina wannan masana'anta ba, kaset ne ya gina ta da 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai. Tsarin a lokacin mai sauƙi ne, furodusa ya gama fim ya buga kwali ya kai wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafa su sayar, dillalai su zo daga Sakkwato da Jos da Nijar su yi sari, wata ɗaya wata biyu kuɗinka sun fara dawowa ka shiga wani aikin. Ana cuta a ciki, ban ce ba a yi ba, amma dai kuɗi na juyawa. Har sunan Kannywood ɗin ma mujallar Tauraruwa ce ta raɗa shi a 1999, kafin a fara cewa Nollywood. Da sidi ya zo aka ci gaba a haka duk da satar fasaha ta ƙaru, sai kuma wayar hannu da memori suka zo, ga fassarar fina-finan Indiya da ta cika gari a farashin da ba za mu iya gasa da shi ba tunda su ba su kashe komai wajen ɗauka ba, kafin mu farga shagunan sidi sun koma na sayar da caja da gilashin waya.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani fim ne na yi kwana goma sha ɗaya ina haɗa shi, yawanci da dare saboda lokacin ne ake ɗan samun wuta, furodusan kuwa filin gadonsa ya sayar ya yi shi. Kwana uku da fitowar fim ɗin na tsaya a wata rumfar masu turi zan saka caji, sai ga wata yarinya da hijabi ta miƙo memori ta ce a tura mata sabon fim, yaron ya buɗe laftof ɗinsa, wallahi ina tsaye ina kallo ya jawo aikina ya jefa mata tare da wasu guda huɗu, ta ba shi naira ɗari ta tafi. Ban ce masa komai ba, me zan ce, shi ma yaro ne ɗan talaka yana neman na abinci, yarinyar ma ba ta san ta yi wani laifi ba, a ganinta ai ta biya. Amma a cikin ɗarin nan ko kwabo bai je wa mutumin da ya sayar da filinsa ba. Rumfuna irin wannan suna nan a kowace unguwa da kowace tasha da kowace kasuwar ƙauye, kuma ni a ganina su ne sabuwar Ƙofar Wambai, kama su ba zai yi maganin komai ba, rijista ya kamata a yi musu a ba su fim ta hanyar halal su riƙa biyan wani abu a kan kowane turi. An sha gwada yin hakan tsakaninmu da su amma ba ya ɗorewa, saboda ba hukumar da ta tsaya a kai da gaske, kuma ba manhajar da za ta ƙirga abin da aka tura. Ga sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda har ta ba da damar a sa a sauke abin da aka sata aka ɗora a intanet, to amma furodusa nawa ne a Kano ya san yadda zai bi ya yi amfani da ita?

Yanzu kowa ya koma YouTube da fim mai dogon zango. Ya taimaka, da ba don shi ba da tuni mun watse, to amma ki sani kuɗin YouTube na talla ne, kuma tallan da aka nuna wa mai kallo a Kano ko Maraɗi ba ya kawo abin da na mai kallo a Ingila ko Amurka ke kawowa, ko kusa. Sai ki ga fim mutum dubu ɗari biyar sun kalla amma abin da ya shigo bai biya man janareta da sallamar ma'aikata ba, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya ninka. Shi ya sa kike ganin ana jan labari kamar roba, abin da zai ƙare a kashi goma sai an kai shi arba'in, ana saka fuskar da ke tashe a TikTok ko ba ta iya wasan ba don dai a danna. Mutane na zaginmu a kan haka kuma suna da gaskiya, amma yunwa ce ke rubuta rabin labaran nan.

Na san za a ce ai gwamnati ta sha ware kuɗi. Haka ne. Shugaba Jonathan ya yi shelar dala miliyan 200 a 2010, ya sake ware naira biliyan 3 a 2013 da sunan Project ACT Nollywood, Babban Banki ma ya fito da nasa tsarin bashin a 2019 da ruwa kashi 9 cikin ɗari, ga kuma asusun da ma'aikatarki ta buɗe na bunƙasa sana'o'in fasaha. Akwai 'yan arewa da suka amfana da wasu daga ciki musamman ɓangaren horo, ba zan yi ƙarya in ce babu ba. Amma dan Allah ki sa a ɗauko jerin sunayen duk waɗanda suka samu tun daga 2010, a ƙirga nawa ne masu yin fim da Hausa, a wallafa kowa ya gani. Ina roƙon wannan ne ba don gori ba, sai don a san inda gizo ke saƙar.

Ni dai na taɓa raka wani furodusa wani banki a kan irin wannan bashi. Mun yi wanka mun saka manyan kaya, ya riƙo labarinsa a rubuce da jerin finafinai goma sha da ya yi, ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci ya kuma zaro takarda ya fara karanto abin da ake buƙata, rijistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, bayanan asusu da akanta ya duba, yarjejeniya da kamfanin da zai rarraba fim ɗin a sinima, sannan takardar mallakar gida ko fili da za a ajiye jingina. Mutumin nan gidan haya yake zaune a Ɗorayi. Ya ce wa ma'aikacin to finafinaina fa, ba dukiya ba ce? Ma'aikacin ya yi shiru ya ce shi dai abin da aka rubuto masa kenan. Muka fito muka hau adaidaita ba wanda ya ce wa wani uffan har muka iso. An ɗinka rigar ne da awon kamfanonin Legas masu lauya da akanta da sinima a hannu, aka ce mu ma mu saka.

Sannan ga maganar ruwa, wadda ke 'yar Katsina ce ba sai na yi miki dogon bayani ba. Da yawanmu ko an sauƙaƙa sharuɗɗan ba za su karɓi bashi da ruwa ba, iyayensu ma ba za su bari ba. Muna da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, a bi ta hannunsu a yi tsarin haɗin gwiwa, gwamnati ta saka kuɗi furodusa ya saka aiki a raba riba, kuma a zo Kano a yi bayanin da Hausa, a buga fom ɗin da Hausa, a ajiye mutum a ofis da zai zauna da kai ya taya ka cikewa.

Amma in za ki tambaye ni abu ɗaya tak da gwamnati za ta yi wanda zai canza rayuwarmu cikin shekara guda, zan ce miki talabijin. Iyayenmu a wannan sana'a ai gidajen talabijin na gwamnati ne suka raine su. Marigayi Usman Baba Pategi Samanja da marigayi Ƙasimu Yero a Kaduna, marigayi Ƙarƙuzu a Jos, ga CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano wadda yanzu ake kira ARTV, a lokacin gidan talabijin ne ke ɗaukar nauyin wasa, ya ba da kamara ya ba da mota ya biya 'yan wasa, in lokacin wasan ya yi sai ki ga yara sun cika tsakar gidan mai akwatin talabijin har kan katanga. Yau kuma abin ya juye, kai da ka sha wahala ka yi fim kai za ka biya kuɗin fili kafin a nuna maka shi, ka kuma fita da ƙafarka neman kamfanin da zai ba ka talla. Na taɓa zama a wani ofishin tasha tare da mai fim ana lissafa masa kuɗin rabin awa sau goma sha uku, jimillar ta fi abin da ya kashe a ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya. Ya naɗe takardarsa ya saka a aljihu.

Ki duba abin da Arewa24 ta yi daga 2014. Tasha ɗaya ce, amma da ta fara ɗaukar marubuta tana biyansu, tana sayen shiri tana yin nata, nan da nan aka ga bambanci a rubutu da sauti da tsarin aiki, yara da yawa a nan suka koyi zuwa aiki kan lokaci da bin jadawali. Kuma abin da ke min ciwo, kuɗin da aka kafa tashar nan da su daga ma'aikatar harkokin wajen Amurka suka fito. Wato wata ƙasa daga can nesa ta gane cewa wasan Hausa a talabijin abu ne da ya cancanci a zuba masa kuɗi, mu da muke da NTA a kusan kowace jiha da tashoshin jihohi ba mu gane ba. Ki duba Turkiyya kuma, fim ɗin Ertugrul da yaranmu suka haddace sunayen mutanen cikinsa, tashar gwamnatinsu TRT ce ta nuna shi daga 2014 zuwa 2019, yau yaro a Kurna ya san tarihin kafuwar daular Usmaniyya ta Turkawa fiye da yadda ya san na Sarauniya Amina ko Muhammadu Rumfa ko Nana Asma'u. Ba laifin yaron ba ne, abin da aka nuna masa ya kalla. Mu ba za mu iya yin fim ɗin tarihi da kuɗin YouTube ba, dawaki ɗari da sulke da lifidi da ginin ganuwa ba abin da furodusa ɗaya zai ɗauka ba ne.

To roƙona a nan, na san NTA ba a ƙarƙashinki take ba, tana ma'aikatar yaɗa labarai, amma ku duka a majalisar zartarwa ɗaya kuke zama. A ware kuɗi duk shekara na sayen shirye-shirye daga masu zaman kansu, a ce ga adadin awannin da za a saya da Hausa, ga na Yarbanci ga na Ibo ga na Fulatanci da Kanuri da Tibi da sauransu, a yi shela kowa ya kawo labarinsa, alƙalan da suka san aikin su zaɓa ba tare da sun ga sunan mai shi ba, a biya rabi kafin aiki rabi bayan an kawo, bayan shekara biyu ko uku haƙƙin fim ya koma hannun mai shi ya je ya sayar a wani wurin. Wannan ba sadaka ba ce, ciniki ne, gwamnati ta samu abin nunawa mu kuma mu samu mai saye tabbatacce. Kuma furodusan da ke riƙe da takardar cewa tasha za ta sayi aikinsa, shi banki ma zai saurare shi ko ba shi da fili.

In aka ce ina kuɗin za su fito, Faransa tun 1948 take cire wani kaso a kan kowane tikitin sinima, kusan kashi 11 cikin ɗari, har da tikitin finafinan Amurka, ana zubawa a asusun hukumar fim ɗinsu, daga baya suka haɗa da gidajen talabijin da masu nuna fim ta intanet. Mu a nan tikiti ba shi da yawa, data ce ke da yawa. Duk daren da aka saki sabon kashi na wani shiri mai farin jini, kamfanonin waya ne ke fara cin riba kafin mu, don sai an sayi data ake kallo. Ban ce a ƙara wa talaka kuɗin data ba, Allah ya kiyaye, amma a cikin harajin da gwamnati ta riga take karɓa daga wurinsu a gutsuro ɗan wani abu a mayar wa masu yin abin da ake kallon.

Sinima kuma ba zan daɗe a kai ba. Kano ta taɓa yin Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado da Queens, yau birni mai miliyoyin mutane sai 'yan ɗakunan kallo a manyan kantuna da kuɗin shigarsu ya fi ƙarfin mai adaidaita da iyalinsa. Mu ba irin waɗancan muke nema ba, ƙananan ɗakuna masu kujera ɗari ko ɗari da hamsin a unguwanni, da sola, da ɓangaren mata da iyali daban, a tashi kafin dare ya yi, a ba 'yan kasuwa rangwamen haraji da na shigo da na'ura su gina da kansu.

Wannan ya kawo ni maganar da har yau in aka tayar da ita a Zoo Road sai an yi shiru, wato alƙaryar fim da gwamnatin Buhari ta so ginawa a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016 a kan naira biliyan 3. Malamai suka hau mumbari, jama'a suka yi ca a Facebook da rediyo, cikin 'yan kwanaki aka ce an fasa. Mun ji zafi sosai, amma da na zauna na yi tunani daga baya sai na ga ba a bi ta ƙofar da ta dace ba tun farko. Ba a je wa malamai ba, ba a je wa masarauta ba, ba a zauna da iyaye an nuna musu zane an ce ga aji ga ɗakin ɗaukar sauti ga masaukin mata da mai kula da su ba, mutane kawai suka wayi gari suka ji za a gina wa 'yan fim gari guda da otal a ciki. A ƙasar da tun gobarar sinimar El Duniya ta 1951 da ta ci mutum sama da 300 ake yi wa harkar kallo wani irin gani, kuma abin da ya faru a 2007, lokacin da bidiyon tsiraici na wata 'yar fim ya bazu a gari, bai gama fita daga zukata ba, me ake tsammani? Tsoron iyaye a kan tarbiyyar 'ya'yansu gaskiya ne, ni ma uba ne. In za a sake tayar da maganar, kuma ina roƙon a tayar, a fara da zaman nan, a saka malamai cikin kwamitin tun daga ranar farko, a kuma fara da ƙarami, makaranta da sutudiyo, sauran su biyo baya.

Domin rashin wurin nan yana cin mu kullum. Gidan mutane muke aro. An taɓa ba mu wani gida a unguwar Nasarawa, mun yi kwana biyu muna ɗauka saura fitowa shida, maigidan ya dawo daga tafiya ashe da uwargida aka yi magana shi bai sani ba, ya ce minti goma ya ba mu mu kwashe kayanmu. Haka muka fito da fitilu suna da zafi, aka je aka nemo wani falon da bai yi kama da na farko ba, ni kuma aka kawo min a ɗaki aka ce in san yadda zan yi kada mai kallo ya gane labule ya canza. Ga ƙarar janareta da ke shiga cikin kowace magana, ga mai talla na wucewa, ga yara na leƙe ta taga.

Sauti shi ne babban ciwonmu, sai rubutu. Makarantar koyon fim ta ƙasa tana Jos, kuma tana ƙoƙari, amma yaron da ke riƙe da sandar makirfo a Kano mai mata da 'ya'ya biyu ba zai bar aiki ya tafi Jos shekara huɗu ba, wani ma ba shi da takardar da za a ɗauke shi. A kawo musu kwas na sati shida ko wata uku nan inda suke, a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, a koyar da Hausa, da na'ura a hannu, a ba su shaida. A kuma ajiye kayan aiki masu kyau da za a riƙa ba da haya da sauƙi. Kin ga dai a 2019 an cire fim ɗin da Najeriya ta tura gasar Oscar saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa, wanda aka tura bayansa, The Milkmaid, da Hausa aka yi mafi yawansa, haka Mai Martaba da aka zaɓa a 2024 wanda aka ɗauka a Daura. Ashe harshen da wasu ke ganin na ƙauye ne shi ke fitar da ƙasar kunya in an je waje.

Maganar tace finafinai na san ta jiha ce, amma ke uwa ce a wannan harka za ki iya kiran zama. Muna da hukumar tacewa ta ƙasa tun 1993, muna da ta Kano tun 2001, fim ɗaya sai ya bi layi biyu ya biya kuɗi biyu. Mun ga dakatar da ɗaukar fim na wata shida a 2007, mun ga an ɗaure manyanmu, a watan Mayun 2025 ma an dakatar da shirye-shirye 22 a rana ɗaya. Ni ba na cikin masu cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama, a'a, muna da addini muna da al'ada kuma akwai masu wuce gona da iri a cikinmu. Abin da muke so a rubuta ƙa'ida a fili wadda ba za ta canza da canjin gwamna ba, a duba labari tun yana takarda kafin mutum ya kashe kuɗinsa, kuma takardar hukuma ɗaya ta wadatar ko a raba kuɗin tsakaninsu. Mai zuba jari ba ya kawo kuɗinsa inda bai san abin da gobe za ta haifar ba.

Sai dattawanmu. Duk wata sai an turo hoton wani a guruf ɗin WhatsApp yana kwance, ana neman taimako, mu haɗa dubu biyu dubu biyar. Baba Ƙarƙuzu da ya ba ƙasar nan dariya shekara da shekaru sai da ya fito yana neman taimako idonsa ya tafi, ɗan ƙwallo Ahmed Musa ne ya saya masa gida, Allah ya saka masa. A saka 'yan masana'anta cikin inshorar lafiya ta hannun ƙungiyoyinmu irin su MOPPAN, a riƙa cirar ɗan wani abu a kowane aiki gwamnati ta ɗora nata a kai. Ayyukansu ma suna lalacewa, kaset ɗin wasannin da aka yi a tashoshin gwamnati da na farkon Kannywood suna can zafi da ƙura na cinye su. Fim ɗin Shehu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Tafawa Ɓalewa an ɗauka ya ɓata, sai da aka tsinci gwangwanayensa a wani tsohon gini a Legas, Jamusawa suka taimaka aka gyara aka nuna shi a Berlin a 2018. A ba mu na'ura da ɗan albashi, mu editoci za mu zauna mu juye kaset ɗin nan ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta, aikin da na iya ne kuma da farin ciki zan yi shi.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye miki ba. Ba ma rubuta yarjejeniya, ana cinye wa ƙananan ma'aikata haƙƙinsu, akwai waɗanda na yi wa aiki shekara biyar har yau ban ga cikon kuɗina ba, ƙungiyoyinmu sun rabu gida gida, kuma siyasa ta shiga tsakaninmu ta yi mana illa. Saboda haka nake roƙonki da girman Allah, duk abin da za a yi kada a bi ta hanyar kiran fitattun fuskoki Abuja a yi hoto a ba su ambulan ko mota a ce an tallafa wa Kannywood. An sha yin haka lokacin zaɓe, mai fitila bai taɓa gani a tukunyarsa ba. Duk wanda zai karɓi kuɗin gwamnati a sa masa sharaɗi ya kawo takardar da kowane ma'aikaci ya sa hannu cewa an sallame shi, kafin a ba shi cikon nasa.

In Allah ya kawo ki Kano, dan Allah bayan an gama taron otal ki ce a kawo ki Zoo Road da yamma, ba tare da an sanar ba. Ki hau benen nan masu ƙananan ɗakuna ki ga yara huɗu a kan kwamfuta ɗaya suna jiran a kawo wuta, ki tambaye su nawa aka biya su a aikin ƙarshe da kuma yaushe. Daga nan a ƙarasa da ke rumfar masu turi mafi kusa, ba ta fi tafiyar minti biyar a ƙafa ba.

Na gode da haƙurin karantawa, Allah ya ƙara lafiya ya sa ki gama lafiya.

Naki,
wani edita daga Zoo Road, Kano.